Labulen da Na Ƙi Ja

Zuba, ranar Talata

Lami 'yata,

Ɗaukaka ga Yesu, daraja ga Maryamu. Ina gaishe ki, ina roƙon Ubangiji ya tsare ki a hanyar da za ki kama ranar Asabar, ya kai ki Yola lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aiki. Na san za ki yi mamakin ganin takarda a kan akwatinki alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. To kin san halinmu na mutanen Malumfashi. Ke 'yar fari ce, ni kuma an tashe ni a kan cewa uwa ba ta sakin baki da 'yar fari. Ina iya tsayawa gaban aji in yi ta magana har a buga ƙararrawa, amma tun ranar Lahadi na kasa haɗa ido da ke. Na sha zuwa bakin ƙofarki, in ji motsinki kina naɗe kaya, in juya in koma kicin. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da kalmar da kika jefe ni da ita, domin ba ke kaɗai ke faɗinta ba. Kin kira ɗan ɗakin nan na bayan coci "ɗakin gadinku". Mutane da yawa haka suke ɗaukarsa, har cikin masu shiga. Suna ganin ana karɓa-karɓa dare da rana, wannan ba ya fita sai wancan ya shigo, sai su ce ai gadi ne, irin na ƙofar banki. Abokan aikina Musulmi sun sha tambayata, cikin ladabi, me muke tsoron a sace. Nakan yi dariya in yi musu bayani. Mu Katolika mun gaskata cewa gurasar nan, bayan Fada ya tsarkake ta a wurin Mas, wato babbar sujadarmu, ta zama Jikin Kristi da kansa. Saboda haka ake ɗaukar guda ɗaya a sa ta bayan gilashi, a tsakiyar wani abin ƙarfe mai ruwan zinariya mai kama da rana, a ɗora a kan bagade. Muddin yana buɗe a fili, ba a barin ɗakin ba kowa. Dalilin kuwa kowace 'yar Hausa ta san shi tun tana ƙarama: ba a barin babban baƙo shi kaɗai a zaure. Nakan ce musu zama ne kawai tare da wanda yake ƙaunarka. Na faɗi wannan a gaban matasan coci sau ba adadi, kuma gaskiya ne. Abin da ya girgiza ni a makon nan shi ne gane cewa bakina ne kaɗai ya san wannan gaskiyar. Ni kaina gadi nake yi, kuma a kanki abin ya ƙare.

Ban taɓa gaya miki dalilin da ya sa na zaɓi Alhamis ba. Ranar Alhamis na haife ki, kin san wannan tunda daga nan sunanki ya fito, amma ba ki san cewa ungozoma ta fita ta gaya wa babanki ya shirya zuciyarsa ba, domin ba ta zaci ɗayanmu za ta tashi ba. Da aka buɗe ɗakin sujada, Fadan da muke da shi a lokacin ya ce kowa ya zaɓi sa'arsa, sai na ce a ba ni Alhamis da rana tsaka, lokacin da kowa ke gudu saboda zafi da kasuwa. Ranar ba ni da darasi da rana. Na tsara cewa ina fitowa in hau acaɓa in iso makarantarku daidai lokacin tashi. Godiya nake yi saboda ke. Ki riƙe wannan a ranki yayin da kike karanta sauran.

Labarin kin ji shi daga bakina har kin gaji, amma zan rubuta shi yadda na saba ba da shi, don in gan shi da idona a kan takarda. Kina aji biyu na firamare. Babanki yana kan hanyar Kano da mota. Wadda za ta karɓe ni, Madam Nkechi mai shagon atamfa a Utako, ba ta zo ba. Sa'ata ta cika, ta wuce. Na ji hayaniyar 'yan makaranta suna wucewa ta bayan katanga, na san an tashe ku. Wayata tana kashe a cikin jaka, kuma ko bakin ƙofa ban yarda in taka don in kira wani ba. Na ce a raina, Ubangiji, ni ba zan bar ka ba, kai ka kula mini da ita. Na zauna har bayan la'asar. Can sai ga Madam Nkechi ta faɗo tana haki, ta raɗa mini a kunne da Hausarta ta 'yan koyo, "Malama, sori, sori, ka yi haƙuri, gosulo ya riƙe ni tun daga Dei-Dei." Na fita da gudu. Makaranta ba kowa. Na iso gida na tarar da ke zaune a ƙofa tare da Malam Bala, maƙwabcinmu mai sayar da kankana a kasuwar 'ya'yan itace, bakinki jajir. Ya ce mini, "Na tsince ta a hanya, Malama, na kawo miki." A daidai nan nake dakatawa in dubi matasa in ce, "Kun gani? Ku tsaya wa Ubangiji, shi zai tsaya wa naku." Su tafa.

Haka na yi ranar Lahadi, a taron ban-kwanan da matasa suka shirya miki. Na ga kin tashi kin fita tun kafin a tafa, na ɗauka waya aka yi miki. Da yamma na shigo ɗakinki da zanin gadon da na saya miki, kina durƙushe gaban akwati. Ba ki ɗago ba kika ce, "Mama, don Allah kar ki sake ba da labarin nan."

Na ce, "Wane labari?"

"Na ranar da kika bar ni."

Na ce, "Ban bar ki ba, Lami. Na danƙa ki ne a hannun..."

Kika ce, "Na zo, Mama. Na zo har bakin ƙofar."

Na tsaya da zanin a hannuna. Kika ci gaba da magana kina naɗe riga, muryarki ko rawa ba ta yi. Kin ce kin jira har maigadin makaranta ya kulle ƙofa. Kin san ranar Alhamis ce, kin san inda nake. Kika bi bayan wata mata mai tiren ayaba kika tsallaka titin Kaduna. Kika iso coci, kika zagaya baya, kika cire takalmanki yadda na koya miki. Ƙofar ba ta rufe sosai ba. Kika leƙa kika ga bayana, ina durƙushe, da ɗankwalina shuɗi mai farin fure. Har ɗankwalin kin tuna, ni na manta na taɓa mallakarsa.

Na ce, "To me ya hana ki kira ni?"

Kika ce, "Ke kika ce a ɗakin nan ko tari ba a yi."

Sannan kika faɗi abin da har yanzu nake jin sa a kunnena. Kika ce, "Na ga kin duba agogon hannunki. Kika dubi labulen nan. Sai kika sake sunkuyar da kai. Da ba ki duba agogo ba, da na ce mantawa kika yi, ai kowa na mantuwa. Amma kin duba, Mama." Kika ce daga nan kika mayar da takalmanki kika juya. Kika rufe maganar da cewa za ki riƙa zuwa Mas a Yola, amma ɗakin gadinmu ba za ki nema ba, can ko nan.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shekara da shekaru ina tsayar da ke a gaban mutane kamar allon da nake rubutu a kai, kina zaune kina jin ana tafa wa ranar da kika fi kowace rana jin tsoro a rayuwarki. Ni da nake taƙama cewa ina gane yaron da ke cikin damuwa tun daga yadda ya riƙe biro. Ko sau ɗaya ban tambaye ki yadda ranar ta kasance a wajenki ba. Don haka ga shawarata ta farko, kuma da kunya nake ba da ita: idan wani abu ya faru da ku biyu, kar ki ba da labarinsa a bainar jama'a sai kin zauna kin ji nasa ɓangaren. Za ki haɗu da marasa lafiya waɗanda warkewarsu za ta yi daɗin faɗi. Ki tambaye su tukuna.

Yanzu maganar labulen. Idonki bai yi miki ƙarya ba, na dube shi. A gaban inda ake ajiye Jikin Kristi akwai ɗan farin labule, bai fi faɗin ɗankwali ba. Ƙa'ida ce tun ranar farko: idan larura ta kama ka kuma ba wanda zai karɓe ka, sai ka durƙusa, ka ja labulen ka rufe, ka tafi abinka. Ba laifi a ciki ko kaɗan. Lami, ni ce nake koya wa sababbin shiga wannan ƙa'idar. Da hannuna nake nuna musu yadda ake jan sa. Amma har zuwa ranar nan ba wanda ya taɓa ja, kuma muna ji da wannan. Matan zumunta sukan ce sarƙarmu ba ta taɓa tsinkewa ba. Da na dubi labulen, abin da ya zo mini a rai shi ne muryoyinsu: "Kun ji wa ya fara ja? Malama Rahila da kanta, mai koya wa mutane." Na ɗauki wannan tsoron na sa masa rigar bangaskiya, na ci gaba da durƙuso. Na rantse miki har ranar Lahadin nan ban taɓa kallon abin haka ba. Na gaskata labarina da zuciya ɗaya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ki kula da wannan, 'yata, domin ke ma jinina ce, kina son a ce kin iya. Duk lokacin da kike kan wani aikin kirki kika ji kina tsara a ranki yadda mutane za su faɗe shi, ki dakata ki duba bayanki. Wataƙila akwai wanda ke tsaye a ƙofa.

Jiya Litinin na kasa zama, na tafi kasuwa neman Malam Bala, domin akwai inda kika tsallake a labarin, daga juyawarki zuwa ƙofar gida. Na same shi a rumfarsa, ya tsufa, amma bakin nan nasa yana nan. Yana hango ni ya ce, "A'a, Malama da kanta! Yau za a yi ruwa. Ko kankanar biki za a ɗauka, an ɓoye mana ango?"

Na ce, "Malam Bala, a ina ka tsinci Lami ranar nan?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa ya ce, "Ashe ta faɗa. To alhamdu lillahi, ta sauke mini kaya." Ya ce suna sauke kankana daga mota a bakin titi sai ya ji ƙarar birki irin wadda ke sa kowa ya ce innalillahi tun bai juya ba. Ya juya ya ga yarinya da rigar makaranta tsaye a tsakiyar titi, tirela ta tsaya a kanta, direba ya leƙo yana ta zage-zage. Ya ce, "Wallahi Malama, tsakaninta da ƙarfen motar nan bai kai tsawon hannuna ba. Sai da na sungume ta na ga ashe 'yar gidanmu ce. Ko kuka ba ta yi. Abin da kawai take faɗa shi ne, Baba Bala, kar ka gaya wa Mama na tsallaka titi, za ta doke ni. Ni kuma na yi mata alkawari. Yaro ma idan ka yi masa alkawari ai ya zama alkawari."

Ya ce takalminki ɗaya a ƙarƙashin taya suka zaro shi, ya kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke kafin ya kawo ki gida. Lami, na tuna takalmin. Baƙi ne mai maɗauri, sabo. Na ga ɗinkin washegari da safe, na tambaye ki, kika yi shiru, na ja miki kunne na ce ba ki san darajar kaya ba. Ina tsaye a rumfar na ji kasuwar tana juyawa. Malam Bala ya jawo benci yana cewa, "Zauna, Malama, zauna, kar ki faɗi mini a kan kaya, mutane su ce kankanata ce." Ya ba ni ruwa. Da na ɗan dawo hayyacina ya ce, "Ga ta nan ta girma, har za ta je ta riƙa yi wa mutane allura. Ki je ki lallashe ta tun tana gida." Ki biya ki yi masa sallama kafin ki tafi. Ya riƙe miki amana fiye da yadda na san ana riƙe wa ƙaramar yarinya.

Akwai kuma Madam Nkechi. Tun daga ranar nan nake amsa gaisuwarta da ƙyar. Duk lokacin da na ba da labarin nakan ce "wadda za ta karɓe ni ta makara", kowa kuma ya san wa nake nufi. Ita kuwa abin da ta yi kawai shi ne ta rufe shago da rana tsaka, ta bar ciniki, ta shiga motar haya daga Utako don ta zo ta zauna da Ubangiji, hanya ta riƙe ta. Jiya da na bar kasuwa na kira ta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me, Malama? Ni ma ya manta." Aikin da za ki shiga, Lami, irin wannan ne sak. Ba ki barin marasa lafiya sai mai karɓarki ta iso, kuma wata rana ba za ta iso ba. Idan ta shigo a makare, ki dubi fuskarta kafin ki dubi agogo. Idan kuma wata rana aka kira ki cewa naki yana cikin hatsari, ki nemi hanyar da aka tanada, ki sanar da na gaba da ke, ki danƙa aikin a hannun da ya dace, ki tafi. Kowane wurin aiki na kirki yana da irin labulensa. Ki tambayi inda yake tun makon farko, kuma kar ki ji kunyar jan sa.

Yau da safe bayan Mas na tsaya na ga Fada, wannan na yanzu, wanda da ƙyar ya girme ki. Na zayyana masa komai, na ce na yanke shawara zan ajiye sa'ata ta Alhamis, ban cancanci in sake shiga ɗakin ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maman Lami, da kin ƙi fita, yanzu kuma za ki ƙi shiga. Duk dai ke ce a tsakiyar maganar." Na ji zafin wannan. Ya ce, "Je ki yanzu. Amma ki bar mini jakar nan a ofis."

Kin san jakar. Littattafan addu'a, carbi, takardar sunayen waɗanda suka ce in sa su a addu'a, har da jan biro. Tun da na fara shiga ɗakin nan ban taɓa shiga hannu wofi ba. Na mayar da sa'ar kamar darasi, daga wannan addu'a zuwa waccan, kar a bar minti ɗaya ba komai. Ranar da kika zo ma, da na ji hankalina yana tashi, sai na ƙara saurin jan carbi ina raɗa addu'ar da ƙarfi don in danne shi. Da na yi shiru, da na ji ƙarar maɗaurin takalminki. Ɗakin bai fi kicin ɗinmu girma ba.

Na shiga ba komai a hannuna. Wani dattijo ne ke kan sa'arsa, yana gaba, don haka ban sami wurin da na saba durƙusawa ba, na zauna a gefe jikin bango. Da farko na rasa yadda zan yi da hannuwana. Tunani ya yi ta zuwa, tirela, takalmi, tafin matasa. Na bar shi ya zo. Can wata mata ta turo ƙofa za ta shigo, haske ya faɗo daga waje, ya miƙe ta tsakiyar ɗakin har ya sauka a kan gilashin da ke bisa bagade. Na bi hasken da ido daga bagade zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bagade. Shekarun nan duka ina shiga ɗakin, ban taɓa lura ba, domin kullum ina gaba na ba ƙofa baya. Lami, Ubangiji ƙofar yake kallo. Duk wanda ya tsaya a bakinta, ko bai shigo ba, yana tsaye ne a gabansa kai tsaye.

Ranar nan mu biyu kika tarar a ɗakin. Bayana kika gani, kuma kina da gaskiya da kika riƙe shi a ranki. Amma ɗayan fuskarsa na wajenki tun da kika cire takalmi har kika mayar. Ba zan ce miki na san dalilin da ya sa tirelar ta tsaya ba, na daina mayar da ke darasi. Abin da nake roƙo kawai shi ne kar ki ɗora masa abin da ni na yi. Bai ce in bar ki ba. Shi ne ma aka rataya labule a gabansa don uwa irina ta ja ta tafi wurin 'yarta. Ni na ƙi. Tsorona ke nan, wanda ya hana ni barci: ki tafi garin da ba ki da kowa, wata rana ki fito daga ɗakin da wani ya mutu a hannunki, kina neman inda za ki zauna ba sai kin yi wa kowa bayani ba, ki wuce ta gaban irin wannan ƙofar ki ƙi shiga saboda ɗankwalina.

Ki yafe mini, Lami. Ban taɓa faɗa miki haka ba, kakarki ma da tana raye da ta ce na zubar da girma. Ki yafe mini barin da na yi miki, da kunnen da na ja, da duk tafin da na sa aka yi a kanki. Labarin kuma na binne shi. Idan matasa suka sake tambayata, zan nuna musu labulen in ce ga wanda ya kamata in ja.

Saura abu ɗaya. Jibi Alhamis, kina da kwana biyu kafin motarki ta tashi daga Utako. Ina kan sa'ata da rana tsaka kamar kullum. Ki zo. Ba sai kin zo da addu'a ba, ba sai kin huce ba, takalmin ma idan kin ga dama kar ki cire. Ki tsaya a bakin ƙofa daidai inda kika tsaya, ki ɗaga kai ki dubi abin da ke gabanki, ko na ɗan lokaci ne, ki gani da kanki ko ƙarya na yi miki. Idan kin ji za ki iya, ki shigo ki zauna kusa da ni mu yi shiru tare, sai ki san yadda abin yake kafin ki yanke masa hukunci. Idan kuwa ba za ki iya ba, ki kira ni da ƙarfi, yadda ya kamata ki yi ranar nan. Ki ce, Mama, taso mu tafi. Zan tashi in ja labulen a gabanki, in fito in bi ki, mu je mu sha kankana a wurin Malam Bala. Na tambayi Fada ko ya halatta, ya yi dariya ya ce ya daɗe bai ji larurar da ta kai wannan ba.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya sa albarka a hannuwanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Uwarmu Maryamu ta yi miki addu'a. Babanki ya ce in gaya miki ya sa an gyara zif ɗin ƙaramar jakar, kar ki sayi wata.

Ranar Alhamis zan bar ƙofar a buɗe, kuma zan zauna a jikin bango, inda zan gan ki.

Mahaifiyarki,
Rahila